Tumbina da Labarin da Ado Ya Kai Ikko

Panshekara, Kano,
Nuwamba, 1981.

Zuwa ga Yaya Ma'u, a Agege,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin na ƙani ga yayar da ta raine shi, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Isyaku da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanku. Allah ya ƙara wa Alhaji buɗi a harkar goro, ya tsare ku daga ruwan Ikko da motocinta, ya raba ku da ciwon ƙafar nan da kika ce yana damun ki in damina ta yi nisa. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Kaka ta yi albarka, gero da dawa sun yi kyau har a 'yan gonakin da suka rage tsakanin kamfanonin Challawa. 'Yarmu Uwani ta shiga aji uku, ta fara gyara mini Turanci a gaban baƙi. Sani kuwa ya fara zuwa Islamiyya, yana dawowa da rabin karatu da rabin faɗa.

Saƙonki ya iso ta hannun Ado, direban nan na kamfaninmu da ke kai kaya Ikko. Galan ɗin manja da busasshen kifi da kwalbar maganin ƙarin jini duk sun zo lafiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai ya haɗo da saƙo na baki, wanda kika ce ya faɗa wa matata Zaituna, cewa in ta gaji da yi wa ƙaninki girki to ta fito fili ta faɗa. Da na tsare Ado na tambaye shi abin da ya je ya gaya miki, sai ya fara sosa ƙeya. Ashe cewa ya yi na rame na zama kamar karan dawa, na jingine Besfa ina yawo a tsohon keke, kuma a gidana ganye ake ci safe da yamma kamar gidan awaki. Yaya, a cikin kowace magana tasa akwai ɗan guntun gaskiya, amma ya ɗauko ƙarshen labari ya baro farkonsa a Kano. Shi ya sa na zauna na ce bari in rubuto miki komai da hannuna, ko da za ki yi mini dariya, don gara dariyarki da ɓacin ranki.

Kin tuna zuwanki sunan Sani, lokacin da kika gan ni da ɗan tumbi, har kika ce yanzu hankalinki ya kwanta, Muntari ya samu wurin zama? To, wancan da kika gani jariri ne. Bayan tafiyarki aka ba ni heluma, wato shugaban ma'aikata, a sashen biskit a kamfaninmu na Sharada, kuma cikin aikin heluma har da ɗanɗana kowane gashi da ya fito daga tanda, a ji ko sukari da gishiri sun yi daidai. Ni kuwa kin san ni da riƙon amana, ba na yanke hukunci da guda ɗaya. In na ci na farko sai in ce bari in tabbatar, in na tabbatar sai in nemi shaidu. Da safe in tsaya wurin mai shayi a bakin ƙofar kamfani a zuba mini madara har cokali ya kusa tsayawa da kansa. In an tashi aiki ga Idi mai balangu, wanda ke ware mini wurin kitse tun kafin in iso. Daga nan in hau Besfa, ba ta barin ƙafata ta taɓa ƙasa sai a ƙofar gida, inda malmalar tuwo ke jirana tana iyo a man shanu. Tumbi ya yi ta gaba, ni ina bin sa a baya, har ya kai ga in zan shiga ɗaki shi yake fara yin sallama.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi. Mutane suka fara kira na Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba sai rakiya. A wurin ɗaurin aure a ja ni gaba a zaunar da ni kan darduma, maroƙa su tsallake masu kuɗin gaske su zo kaina. Amma a cikin babbar riga akwai abin da babu wanda ya sani. Ruku'u ya zama mini aiki. In na yi sujada sai in ji numfashina yana neman barina. In na hau matakalar ofis sai na tsaya a tsakiya, ina yi kamar ina duba wani abu a bango, har ƙirjina ya daina dakan da yake yi.

Ana cikin haka, wata rana da bazara, bel ɗin da ke jan biskit daga tanda zuwa wurin matan da ke zuba shi a kwali ya sarƙe. Makashin injin yana can bayan tanda, kuma ba a kai masa sai ta wani ɗan lungu tsakanin bango da ƙarfen injin. Kashe shi hakkin heluma ne, ba a yarda kowa ya taɓa ba, kuma a da can da gudu nake shiga lungun nan. Na ja numfashi na shige a karkace. Kafaɗa ta wuce, ƙirji ya wuce, tumbi ya ce shi kam ya iso gida. Na yi gaba ya ƙi, na yi baya ya ƙi. Ga hannuna a miƙe, saura ƙiris yatsana ya taɓa makashin, amma ƙiris ɗin nan ya gagara. Injin kuwa bai san halin da ake ciki ba, yana ta aman biskit mai zafi yana zubo mini a ka da wuya, har ya taru ya rufe mini ƙwauri. Sai da aka ruga aka kashe wutar kamfanin gaba ɗaya. Maza suka kama hannuna suka ja, na ji kamar za a raba ni biyu, na roƙe su su bari. Daga ƙarshe wani siririn ma'aikaci da ke ƙarƙashina, Lawal, ya ce a kawo mai. Aka ɗebo man gyaɗan da ake kwaɓa fulawa da shi, aka yaga rigar aikina, aka shafe ni ciki da baya kamar za a soya ni. Da aka ja sai na fito fit, kamar an zare toshiyar kwalba, na faɗa kan Lawal ɗin nan da ya kawo shawara. Matan kwali duk sun cusa bakin gyale a baki, kafaɗunsu ne kawai ke rawa.

Manajanmu wani dattijon Kwara ne haifaffen Fagge, Hausa a bakinsa kamar ni da ke. Ya kira ni ofis, na shiga ina ƙamshin suya, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini a hankali, ya ce yau biskit ne ya sarƙe a bel, to da a ce hannun ɗaya daga cikin matan nan ne fa? Yaya, nan dariya ta ƙare mini. Ya ce yana son aikina, amma ba zai bar heluman da ba ya iya kaiwa ga makashin injin ba. Ya ba ni zuwa bayan ƙaramar Sallah. In na iya wuce lungun, aikina yana nan, in kuwa ban iya ba, zai mai da ni sito in zauna ina kallon buhuna, ya ba wani heluma. Sannan ya tura ni wurin likitan kamfani.

Likitan Ba'indiye ne, wata nas ce ke yi mana tafinta. Ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya matsa ya duba, ya sake matsawa ya sake dubawa, sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce jinina ya hau ƙwarai, ciwon sukari kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ya tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa rabin jikinsa ya shanye. Nan take na tuna Kawu Tijjani mai sayen gyaɗa, da tumbinsa da muke alfahari da shi, da ranar da aka tsince shi a bayan rumbu muka ce iska ce ta buge shi. Na tuna shekarun da ya yi a kan tabarma, yana kallon 'ya'yansa, bakinsa ya kasa kiran sunansu. Sai fuskar Uwani da ta Sani suka faɗo mini. Na tambayi likita wace allura za a yi mini. Ya ce babu allurar da ke narkar da tumbi. Abin da ke akwai shi ne in rage abin da ke cikin kwano, in yi nesa da sukari da kitse da yawan mai, in yawaita ganye da wake, kuma kullum in motsa jiki har in yi gumi.

Ni kuwa da na ji babu allura sai na ce a raina wannan likita bai san Kano ba. Na tafi Kasuwar Kurmi, wani mai magani ya ba ni wani baƙin gari, ya rantse yana narkar da kitse kamar man shanu a rana. Na sha a kunu. Ba zan yi miki bayanin abin da ya biyo baya ba saboda girmanki, amma ranar na san kowane taku tsakanin tanda da bayan gida. Idanuna suka zurma, tumbi kuwa yana nan daram, ko gaisuwa bai amsa ba. Daga nan sai wannan Adon da ya kawo miki labari ya ba ni tasa dabarar, kuma na tabbata wannan ɓangaren bai faɗa miki ba. Ya yanko mini robar cikin tayar babbar motarsa, ya ce in naɗe cikina da ita tamau a ƙarƙashin riga, zafi zai narkar da kitsen ya fita ta gumi. Shi da kansa ya ɗaure ni a bayan mota, ya sa gwiwa a bayana yana ja. Na wuni ina tafiya a miƙe kamar soja, ina magana da rabin murya. Da azahar muka shiga sahu a masallacin kamfani. Liman ya yi kabbarar ruku'u, na sunkuya, sai ji kake tau! Roba ta tsinke, ta zabgi na damana a cinya. Sahu ya watse, wani ya fita ya bar hularsa, liman kansa ya ce daga baya ya ɗauka tukunyar injin ce ta fashe. Sai da aka sake sallar daga farko, ni ina can sahun ƙarshe, babu mai son tsayawa kusa da ni.

Da na koma gida Zaituna ta ga shatar roba a jikina, na ba ta labari tun daga lungu har masallaci. Ba ta yi dariya a gabana ba, sai ta ce bari ta duba tukunya, amma ina jin ta daga madafa. Da ta dawo idonta da hawaye, na ɗauka na dariyar ne, ashe har da na tsoro, don maganar Kawu Tijjani ta shige ta. Washegari ta nemi izinina ta je ta samu nas ɗin nan, ta yi mata tambayoyi har ta gamsu. Ta dawo da doka. Babban kwanon da nake ci a ciki ta kife shi a saman kabad, ta sauko da ƙarami. Tuwo ya koma kamar dunƙulen hannu, miya kuwa ta cika kwano, yau zogale, gobe alayyafo da kabewa, jibi kuka ko rama, da wake da ɗan kifi, mai kuma sai dai a ce ya leƙa. Koko babu sukari, fura babu sukari. In na yi ƙorafin yunwa tsakanin abinci sai ta yanko mini gwanda ko lemo. Sannan ta zare mazagin wani tsohon wandona, ta zagaya cikina da shi, ta ƙulla a inda ya haɗu, ta ce duk Juma'a kafin in tafi masallaci za a auna.

Ban san iyakar mulkinta ba sai ranar da na tsaya wurin Idi mai balangu. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya ci gaba da yanka wa wasu. Da na ce a sa mini irin na kullum sai ya ce in yi masa rai, matarsa da Zaituna sun haɗu a gidan suna, kuma shi ma yana son zaman lafiya a gidansa. Ɗanɗanon biskit kuwa na koma gutsurar gefe kaɗan in miƙa wa Lawal sauran ya kammala shari'a. In kika gan shi yanzu ba za ki ce shi ne siririn nan ba, har na fara yi masa nasiha.

Sau ɗaya na karya doka. An aike ni Bompai duba kaya a babban sito, na ga na yi nisa da duk matan da Zaituna ta sani. Ga mai tsire a gindin bishiya, hayaƙi yana kirana da sunana. Na ci, na ƙara, na wanke baki, na tauna goro, na dawo gida ina ta labarin cunkoson manyan motoci. Ta karɓi jakata, ta dubi gashin bakina, ta wuce madafa. Da aka kawo abinci na buɗe kwano, sai na tarar da mazagin nan a naɗe a ciki, shi kaɗai. Na zauna ina kallonsa yana kallona. Can ta kawo tuwon ta ajiye, ta ce a hankali, ita ba don manaja take wannan wahala ba, don kada ta wayi gari tana juya ni a kan tabarma ne. Tun daga ranar ban sake ba.

Maganar keke kuwa, gaskiya ne na jingine Besfa, amma tana nan a zaure lafiyarta ƙalau, na rufe ta da buhu. Keken na saya ne don in riƙa zuwa aiki da ƙarfin ƙafata. Ranar farko, kafin in kai rabin hanyar Sharada na sauka ina tura shi, shi ma kamar yana gode mini. Na isa an daɗe da busa jiniya, rigata sharkaf. Mutanen unguwa da suka ga Alhaji a kan keke sai suka yanke cewa karayar arziki ce ta same ni. Masu gaishe ni suka ƙara tsawon gaisuwa, suna cewa in yi haƙuri, haka duniya take. Wani maƙwabci ya aiko mana da kwanon masara a ɓoye, don kada in ji kunya. Na yi bayani har na gaji, duk wanda na ce wa da gangan nake yi sai ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ga shi da ƙarfin hali.

Akwai kuma atisayen da likita ya koya mini, in kwanta rigingine in riƙa ɗaga ƙafafu sama, in tashi zaune in koma, in yi tsalle ina buɗe hannuwa. Ina yin sa a tsakar gida in na dawo daga sallar asuba. Wata safiya Iya Ladidi, tsohuwar da ke gidan da ke jikin namu, ta hau turmi za ta ɗauko kazarta daga kan katanga, ta hango ni kwance a ƙasa ina harba ƙafafu ina nishi, idanu a waje. Ba ta tambayi kowa ba. Sai ga ta ta faɗo gidan da kaskon wuta da tafarnuwa da wani tsumma, tana salati, tana cewa a danne shi kada ya ciji harshe. Kafin in ce wani abu ta turnuƙe ni da hayaƙi, ta zauna mini a ƙirji. Ina tari ina cewa Iya likita ne ya sa ni, ita kuwa tana ce wa Zaituna kada ta saurara, ba ni ne ke magana ba, su ne. Har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni ko mutanen sun sake zuwa.

Haka muka yi ta yi. Makonnin farko ƙullin mazagi bai motsa ba, har na ce wa Zaituna ko dai mazagin ne ke da taurin kai. Sannu a hankali sai ya fara saki, ta kwance ta sake ƙullawa a ciki, bakinsa yana ƙara tsawo yana reto. Keken da nake turawa na fara hawansa har ƙofar kamfani, daga baya ma har ina wuce masu jakuna ina kaɗa musu ƙararrawa. Da azumi ya zo na ɗauka zan huta in rama da buɗa-baki, amma ta tsaya a kan dabino da ruwa da kunu da ɗan ƙosai, sai an dawo daga sallah a ci abinci a natse. Tun da tumbi ya zo, wannan ne azumin farko da na yi tarawihi a tsaye tun daga farko har ƙarshe ban nemi bango ba.

Ranar da aka koma aiki bayan Sallah manaja ya sauko da kansa. Ban san yadda labari ya bazu ba, sai ga ma'aikata sun cika sashenmu, har masu gadi sun bar ƙofa. Lawal ya zo da bokitin man gyaɗa ya ajiye a gefe, wai ko da za a buƙata. Na yi bisimilla na shiga a karkace. Kafaɗa ta wuce, ƙirji ya wuce, tumbi ya ɗan tsaya ya gaisa da ƙarfen, don sun san juna, sannan ya bi ni. Na kashe injin, na kunna, na fito ta inda na shiga, maɓallin riga ɗaya kawai na bari a can. Wurin ya kaure da sowa, matan kwali suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Manaja ya kama hannuna ya ce heluma ya koma bakin aikinsa. Likita ma da ya sake awo bai cire tabarau ba, ya ce jinin ya sauka sosai, amma kada in kuskura in koma gidan jiya. Ramar da Ado ya gani kuwa, rabinta laifin riguna ne, don har yanzu tsofaffin nake sawa, ina yawo a cikinsu kamar an rataya su a ƙusa. Na kai wa tela ya rage.

Yaya, na san abin da ya tayar miki da hankali, kuma ban ga laifinki ba. Ina tune da shekarar yunwar nan bayan rasuwar Inna, lokacin da kike ɗebe rabin tuwonki ki zuba a nawa, ki ce kin riga kin ci a maƙwabta, ni kuwa saboda ƙuruciya in yarda. Wanda ya raini yaro a irin wannan shekara, in ya ji an ce ya rame, ba zai tsaya tambaya ba. Amma ina so ki sani wannan ramar ba irin waccan ba ce. Kuma duk ganyen da na ci, Zaituna ta ci irinsa tare da ni, don kada in ga nama a hannunta raina ya biya. Da Ado ya faɗa mata saƙonki ta ce ta gode, ta ba shi ruwa ya sha, sai da ya fita ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ba ta ce in rubuto miki ba, ba ta ma san abin da nake rubutawa ba. Roƙona gare ki shi ne, in Ado zai dawo, ki ba shi kalma ɗaya mai daɗi ya kawo mata. Ki sa ya maimaita a gabanki kafin ya taso, don kin ga yadda yake da labari.

Saura magana ɗaya, wadda da a gabanki nake da kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Kwanakin baya na lura zanen Zaituna ya fara ƙin haɗuwa, na ɗauko mazagi da murnata na ce yau ranar ramuwa ce, ashe ana cin wani abu a bayan idona. Ta karɓe shi ta ce in je in tambayi nas. Na je na tambaya. Yaya, tumbin da na sha wahala na sauke bai bar gidan ba, ɗaki kawai ya sauya. Sai dai nata an ce kada a sa mata keke, kada a rage mata kwano, manjanki da kifinki ma duk wurinta suka nufa, kuma zai sauka da kansa wajen watan Mauludi in Allah ya kai mu. Ita ce ta ce ba ta son kowa ya yi mata wankan jego sai ke, tun kafin saƙonki ya zo ta faɗa, kuma bayan ya zo ba ta janye ba. Don haka ki fara neman izinin Alhaji tun yanzu. Kuma don Allah kada ki makara, domin an yi mini alkawarin ranar suna za a bar ni da ragon nan, ni da shi, babu mai kallon kwanona.

Ki gaishe mini da Alhaji Isyaku da kyau, ki ce ina yi masa fatan kasuwa mai albarka. Ki gai da Fanna da Zainab da autanki Ɗan'auta, da maƙwabtanku da suka karɓe ni hannu biyu wancan zuwan. Uwani da Sani suna gaishe ki, Uwani ta ce a taho mata da ɗan kunne. Zaituna tana gaishe ki da girmamawa. Allah ya ja kwananki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki, wanda ya ragu amma bai ƙare ba,
Muntari.